Yauƙi a Cikin Injin Jirgi

Ban taɓa mantawa da safiyar da na tsoma yatsa a tankin ruwan injin, na ɗago na ga ruwan ya biyo yatsan yana yauƙi ba. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya ku matso, labarin naku ne. Tsofaffin da suka sha ji kuma su yi haƙuri su ƙara.

A shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira abin ya faru. Kuɗin mai sun fara shigowa, sai ma'aikatarmu ta buɗe aikin noman rani a wata fadama da ke bakin kogi, ƙasa da Gwaram. Injin da aka kawo don jawo ruwa ba na gona ba ne. Na wani tsohon jirgin ruwa ne da ya gama yayinsa a kudu, aka kwance shi, aka ɗoro a babbar mota, aka kafa a kan daɓen siminti aka haɗa shi da famfo. Ni kuwa na yi shekara shida ina koyon aiki a cikin jirage a Baro, don haka da aka nemi wanda ya san irinsa ni kaɗai aka samu. Aka ba ni muƙamin fita, wato babban makaniki. Ina zaune a Birnin Kudu, ina zuwa duba shi Litinin da Alhamis a kan babur. Ba na ɓoye muku, kaina ya kumbura ƙwarai a lokacin.

Ga wanda bai sani ba, injin jirgi ba shi da lagireto irin na mota. Ruwa biyu gare shi. Akwai mai tsabta da yake zagaya cikin jikinsa yana kwashe zafi, akwai kuma ruwan kogi da yake bi ta wasu siraran bututun jan ƙarfe yana sanyaya na farkon. Ƙarfe ne tsakaninsu, ba sa haɗuwa. Ruwan cikin nan ba a yarda komai ya shiga shi ba.

Mutum biyu ne suke wuni da injin. Na farko Garba, mai tayar da shi da kashe shi, tsohon direban babbar mota wanda ciwon baya ya sauko da shi daga hanya. A gidansa nake cin tuwo duk ranar da na zo. Na biyu Baba Iro mai gadi, dattijo ne kuma ladanin masallacin unguwarsu, yana ce mini “ɗana”. A kan gonarsa aka gina ɗakin injin, kuma ranar da aka auna filin ya faɗa a gaban dagaci, kowa na ji, cewa wannan ƙarfen ba zai ga damina ba. Gadin ma don lallashi aka ba shi. Samanmu duka akwai Injiniya Kabiru, saurayi ɗan Kano mai zafin kai, wanda yake zuwa idan ta ɓaci.

Wata Alhamis a tsakiyar sanyi, alkama ta fara fitar da kai, na iso na tarar da injin a kashe, manoma sun yi cirko-cirko a bakin kwata. Garba ya ce kwana uku ke nan, da ya yi rabin awa sai allurar zafi ta haye ja. Mutane na jin wuta saboda sanyi, injin kuma yana tafasa! Nan da nan zuciyata ta ce da walakin.

Na bi ƙa'ida. Na duba bel, a ɗaure yake. Na buɗe rariyar da take tace ruwan kogi, ba ciyawa ba yashi. Na leƙa famfon ruwan kogin, lafiya lau. Na zaro sandar baƙin mai don in ga ko ya koma fari-fari, alamar gaskit ya ƙone ruwa ya haɗu da mai, na gan shi baƙi wuluk yadda ya kamata. Daga ƙarshe na buɗe tankin ruwan cikin na tsoma yatsa. A duk zamana a Baro na ga tsatsa, na ga mai, na ga laka, amma ban taɓa ganin yauƙi ba.

Na aika wa Injiniya, kafin azahar ya iso. Ya taɓa ruwan, ya goge hannu da hankici, ya ce, “Malam Sule, injin yana yin wannan da kansa?”

Na ce, “A'a yallaɓai. Zuba masa aka yi.”

Ba wanda ya ambaci suna, amma duk idanu suka koma wuri ɗaya. Baba Iro yana tsaye a bakin ƙofa da sandarsa.

Injiniya ya ce, “Baba, me ka zuba?”

Ya ce, “Ranka ya daɗe, ni ƙofa aka ce in tsare, ba cikinsa ba. A tambayi mai ba shi ruwa mana.”

Ni na fara yin dariya. Na ce a raina, ji tsohon nan, an kama shi yana neman wanda zai shafa wa kashin kaji. Injiniya ya karɓe makullin ɗakin injin daga hannun Baba Iro, ya ce ya tafi gida. Ya juyo ya ce in kawo masa rahoto a rubuce ranar Litinin, da shi za a miƙa tsohon ga 'yan sanda a Birnin Kudu. Kafin la'asar magana ta gama ƙauyen, an ce ladan ya yi wa injin gwamnati asiri don alkamar mutane ta ƙone. Washegari Juma'a, wani aka sa ya kira salla.

Ranar Asabar na dawo na kwance injin. Na zaro damin bututun nan na jan ƙarfe, na same su a lulluɓe da wani abu mai santsi, kaurinsa ya kai farce. 'Yar ƙofar da take buɗewa da kanta idan ruwa ya yi zafi ita ma ta liƙe. Dalilin zafin ke nan, ruwan kogi yana wucewa amma sanyinsa ba ya ratsawa. Na tace ruwan da farin ƙyalle na shanya a rana. Da ya bushe sai ga gari kore-kore. Na shinshina, na ɗan lasa. Kuka ce, garin kukar miya. Zargina ya ƙara ƙarfi, na ce lalle wannan haɗin boka ne, har na zauna na rubuta rabin rahoton da sunan Baba Iro a layin farko.

Allah ya taimake ni da ɗabi'a ɗaya, ba na mayar da ƙarfe da datti. Ina cikin goge ƙasan famfon ruwan cikin, inda wuyan bututu ya shiga tiyo, sai na ji wani ɓawo a ƙarƙashin yatsana. Na kankare shi da farce. Kore ne, kuma a ƙarƙashinsa ga wata 'yar huda da tsatsa ta yi, ba ta fi kan allura ba.

Na zauna daɓas a kan siminti. Mai son kashe injin ba ya wahalar da kansa da kuka. Yashi cikin tafin hannu a baƙin mai ya ishe shi, rana ɗaya an gama. Kukar da na kwaso kuwa ba zubin rana ɗaya ba ce, ta kusa cika ƙwarya. Wanda ya yi wannan, kullum yake yi, kuma hudar nan yake toshewa. Sai na tuna direbobi a tashar Birnin Kudu, yadda idan lagireto ya huje a daji sukan barbaɗa masa garin taba ko na kuka ya kai su gari. A mota dabara ce, domin tafiyar yini ce a wanke. A injin jirgi kuwa guba ce.

Bayan la'asar na sami Garba a zaurensa. Ya miƙo mini fura, na ajiye ta gefe, na shimfiɗa ƙyallen a gabansa. Da ya ga garin kukar sai ya sunkuyar da kai.

Na ce, “Tun yaushe, Garba?”

Ya ce, “Sati uku, maigida. Cikin cokali kullum da safe. Da na ga ɗigon ya dawo sai na ƙara.”

“Kuma ba za ka gaya mini ruwa na zuba ba?”

Ya ɗago kai. “Na gaya maka mana. Sau biyu. Na ce ruwan tanki yana raguwa, kana kan babur ko kashe shi ba ka yi ba, ka ce in ƙara ruwa in daina damunka da ƙananan maganganu.”

Wallahi sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tuna ranar sarai, har da rigar da ke jikina. Na ce to me ya hana shi magana da aka karɓe makullin Baba. Ya ce, “Tsoro ne. Da na ji an ambaci 'yan sanda bakina ya mutu. Kwana biyu ke nan tuwo ba ya wuce mini.”

Na yaga rahoton farko na rubuta wani. Litinin na kai wa Injiniya, ya karanta, ya cire tabarau ya ce, “Malam Sule, ka san sunanka ka sa a gaba?” Na ce na sani, yallaɓai, a nan ɓarnar ta fara. Ni da Garba kowa ya sami takardar gargaɗi, ƙarin girman da nake jira kuma ya wuce ni a shekarar. Injin dai muka wanke shi da ruwan zafi da soda har sau huɗu, muka canja wuyan bututun, ya tashi allura na tsaye a tsakiya. Alkamar ta sha da ƙyar.

Ni na roƙi a ba ni makullin in mayar wa Baba Iro da hannuna. Na same shi a gindin wata tsamiya yana tufkar igiya. Na durƙusa na ba shi labari duka.

Ya ce, “Ai na sani. Kullum ina ganinsa da cokalinsa. Na ɗauka magani ne ku masu ilmi kuka ce a ba shi.”

Na ce, “Haba Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?”

“Na faɗa. Na ce a tambayi mai ba shi ruwa. Kai ka fara dariya.” Ya ci gaba da tufkarsa. Can ya ce, “Injinku an wanke shi da ruwan zafi ya fita. Ni da me za a wanke ni?”

Bai karɓi makullin ba. Juma'ar da ta biyo na tashi a masallacinsu bayan an sallame, na faɗi gaskiyar abin da ya faru da bakina. Aka mayar masa da kiran sallarsa, amma gadi ya ce ya yafe.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Idan injin ya yi zafi, kafin ku ɗauki sifana ku kashe babur ɗinku ku saurari mutanen da suke wuni da shi, ko da maganarsu ta yi muku ƙanƙanta. Kuma kada ku fara neman wanda ya yi kafin ku gama sanin abin da aka yi, domin zargi ya fi ku sauri, kafin ku kwance ƙusa ɗaya ya gama gari. Na yi shekara tara ina bi ta ƙofar gidan Baba Iro bayan wannan. Duk ranar da na gaishe shi yana amsawa da mutunci, har ya tambayi iyali. Amma har ya koma ga Allah, “Malam Sule” yake ce mini, bai ƙara ce mini “ɗana” ba.