Na Je Gaisuwarki da Buƙata a Bakina

Da hantsin ranar Talata, sha tara ga watan Yuni, mijinki ya kira ni a waya. Muryarsa a natse take, kamar yana gaban ɗalibansa. Ya ce, "Injiniyarku ta cika." Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ciwon ƙodar da kika daɗe kina fama da shi ne ya zama sanadi, kuma kafin la'asar an kai ki makwancinki.

Na so in rubuta miki ta'aziyya irin wadda ake yi wa mutanen kirki, ta yabo zalla. Amma alƙalamin ya yi mini nauyi, domin a makon rasuwarki na yi abin da har yau in na tuna sai in sunkuyar da kai. Zan faɗe shi. Sai dai bari in fara da ke, don wanda bai san ki ba ya san wadda aka rasa.

Ofishinmu na cigiya ne. Wanda ɗansa ya ɓace, ko ƙaninsa ya fita bai dawo ba, ko wanda ya tsinci tsoho a tasha ya manta hanyar gida, wurinmu yake zuwa. Mu rubuta bayanin wanda ake nema, mu rubuta na wanda aka tsinta, sai mu bincika a kwamfuta ko za a dace. Ni ne shugaban ofishin, amma kowa ya san ke ce ƙashin bayan aikin. Kin girme ni, shi ya sa nake ce miki Yaya. Sauran kuwa Injiniya suke kiran ki, har mai gadi.

Injin binciken da muke aiki da shi kyauta muka same shi. Waɗansu masana ne suka ƙera shi suka sakar wa duniya. Yana da kyau, sai dai ba da harshenmu aka raine shi ba. In an rubuta "tabo a ƙafa" da harafi mai ƙugiya, aka nema babu ƙugiya, sai ya ce bai san zancen ba. In ka nemi "yaro" ba zai kawo maka "yara" ba. Mu dai mun haƙura, muna cewa halin kwamfuta ke nan. Ke ce kika ƙi yarda. Duk wanda ya ce miki kwamfuta ta ƙi, sai ki ce, "Ba ta ƙi ba, ba a gaya mata ba ne."

Kika zauna kika buɗe cikinsa. Na tuna ranar da kika jawo ni da Dogo, abokin aikinki, gaban allonki. Kika ce injin nan ba karatu yake yi ba, yanka yake yi. Yana ɗaukar rubutu ya yayyanka shi kalma-kalma, ya zubar da waɗanda aka ce masa ba su da amfani, ya jera sauran a fihirisa, kowace kalma da inda ta fito. Sannan kika nuna mana kalmomin da yake zubarwa. A cikinsu har da "ba". Wato duk wanda aka rubuta cewa ba ya ji, injin ya ajiye shi a matsayin wanda ya ji. Dogo ya riƙe baki. Kika yi dariya kika ce, "Kun ga mai shara ya share har da tabarmar."

A lokacin akwai wani tela da ya daɗe yana zarya wurinmu, yana neman ƙaninsa kurma. Kullum mu duba mu ce masa babu labari. Da kika mayar wa injin "ba" ɗinsa, kika koya masa cewa "kurma" da "ba ya ji" ɗan juma ne da ɗan jummai, sai ga bayanin ƙanin ya fito. Ashe tuni wani gidan kula da marasa galihu ya aiko mana da shi, yana kwance a cikin kwamfutarmu muna tsallake shi. Telan ya zo da ƙanin nasa har ofis, ya rantse sai ya ɗinka miki kaya. Kika ce ya ɗinka wa tagar ofis labule, rana na dukan allon Dogo.

Ba a gaban allo kaɗai kika yi aikin ba. Sau da yawa nakan leƙo in gan ki a benci kusa da wata tsohuwa, kin ba ta ruwa, kina tambayar ta, "Inna, ke yaya kike faɗar wannan?" Abin da ta faɗa shi za ki je ki koya wa injin. Ko da ciwo ya kwantar da ke, daga gado kike aiko mana da gyara. Na sha ce miki ki huta, ki ce hutu na nan gaba.

Yanzu ga abin da na yi.

Washegarin jana'izarki, kamfanin da ke riƙe mana babbar kwamfuta ya sabunta injin binciken, kamar yadda suka daɗe da sanar da mu. Gyare-gyarenki na tsohon ba su hau sabon ba. Aka wayi gari komai aka nema sai allo ya fito fayau. Benci ya cika da mutane, wasu daga nesa suka zo. Dogo ya yi iya yinsa har gumi ya jiƙa masa riga, sannan ya same ni ya ce, "Oga, Injiniya ta riga ta shirya wa sabon nasa gyaran. Yana cikin kwamfutarta ta hannu." Mu duka mun san inda kwamfutar take.

Na je gidanki ranar Alhamis. Na tarar da mijinki zaune a ƙofar gida cikin 'yan'uwa da maƙwabta, idanunsa sun yi ja. Na durƙusa na miƙa hannu na ce, "Malam, ya haƙuri?" Wallahi Yaya, bakina na gaisuwa, zuciyata na lissafin yadda zan tambayi kwamfutarki da kalmar sirrin buɗe ta. Wata mata ta fashe da kuka a cikin gida, ni kuwa ina duba agogo a ɓoye. Na zauna, na tashi, na sake zama. Wanda ya zo bayana ya yi addu'a ya tafi, ni ina nan kamar an dasa ni.

Malam ne ya cece ni. Ya yafito ni gefe, ya shiga ya fito da jakarki baƙa, wadda hannunta ya tsinke kika ɗaure da igiyar caja. Ya ce, "Tun satin da ya wuce ta sa na ajiye ta a bakin ƙofa. Ta ce za ku zo. Ta ce in kun zo kada in bari ku roƙa, nauyi zai hana ka magana." Ya gaya mini kalmar sirrin a kunne. Na karɓi jakar da hannu biyu, na kasa ɗaga ido. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ban ma tuna na yi masa sallama ba.

Dogo ya ɗora gyaranki, aka sake gina fihirisa, injin ya tashi. Da sakamakon farko ya fito a allo, ofis ya kaure da tafi da sowa, har da ni. Sai mai karɓar baƙi ta waiwaya wajen kujerarki don ta ce miki sannu da aiki. Tafin ya mutu a hannunmu. Kowa ya koma mazauninsa, babu mai iya kallon ɗan'uwansa.

Ranar Asabar na mayar da jakar. Na shirya dogon ban-haƙuri tun daga hanya, amma Malam bai bar ni na fara ba. Ya ce, "Ya yi?" Na ce ya yi, har an haɗa wata uwa da 'yarta. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya gyara mini wuri a tabarma ya ce, "To, yanzu zauna ka yi mini gaisuwa. Rannan ba ka samu yi ba." A nan ne hawayen da ban zubar miki ba suka zo, har sai da shi mai rashin ya koma yana ba ni haƙuri.

Yaya, ki yafe wa ƙaninki. Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Allah Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya saka miki da alheri a kan kowane gida da kika mayar wa farin ciki. Ina miƙa ta'aziyyata da ta dukan ma'aikatan ofishinmu ga Malam, da 'ya'yanki, da mahaifiyarki wadda ta ga abin da kowace uwa ke roƙon kada ta gani. Allah Ya ba su haƙuri da dangana, Ya raya abin da kika bari. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.