Ranar da Muka Kai Baba Ɗa'ifa

A tsakiyar lokacin zafi likitoci suka gama ƙona wa Baba maƙogwaro da na'ura, suka ce ya koma gida ya huta. Ciwon daji ne. Su ba su ɓoye mana ba, mu ne muka riƙa ɓoye wa juna sunansa, muna cewa "ciwon wuyan nan". A unguwar Utaibiyya ta Makka su Baba suke zaune, a saman wani tsohon bene mai ƙuntatacciyar matakala da matacciyar fitila, kuma tun da aka hau da shi bai sake saukowa ba.

Abin da ya fi damunsa ba zafin haɗiya ba ne. Ɗanɗano ne ya ɗauke masa gaba ɗaya. Inna ta yi masa kunun gyaɗa, ta yi miyar kuka mai laushi, ta yi farfesun kaza, duk ya ce kamar yana tauna jiƙaƙƙen tsumma. Wata rana na same shi a ɗakin girki ya lashi gishiri, ya lashi sukari. Da ya gan ni sai ya rufe gwangwanayen ya koma ɗakinsa yana dafa bango.

Baba mutumin Damagaram ne. Yana saurayi ya biyo ta Cadi da Sudan ya tsallako, kuma aikinsa na farko a ƙasar nan a wata gonar inabi ne a bayan Ɗa'ifa. Ya yi shekaru a can kafin ya sauko Makka ya kama sayar da turare da carbi, ya auri Inna, aka haife mu. Ni ce babba, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai "uwata".

Wata safiya na zo daga gidan mijina duba shi, sai ya ce, "Uwata, yanzu inabi ya nuna a Ɗa'ifa."

Na ce, "Bari in aika a sayo maka a kasuwa, Baba."

"Ba na kasuwa ba. Na gonar. Wancan ko gawa aka sa wa a baki sai ta ji shi."

Inna ta ce ba za a je ba, mutumin da ba ya iya zuwa banɗaki shi kaɗai ina shi ina hawan dutse. Bai yi mata musu ba. Ya dai daina shan ko kunun da yake ɗan kurɓa. Da aka kwana biyu a haka, ita da kanta ta sauka ta yi wa maƙwabcinmu magana. Wani dattijo ne ɗan Cadi, lokacin aikin Hajji yana tuƙa manyan motocin alhazai tsakanin Arfa da Muzdalifa, sauran shekara kuwa yana haya da ƙaramar motarsa. Ya ce ranar a gare mu take, daga safe har duk lokacin da muka ga dama.

A kan kujerar roba shi dattijon da mijina suka sauko da Baba. Mijina ya wuce wurin aiki, mu huɗu muka kama hanya: direba da Baba a gaba, ni da Inna a baya da robar ruwa da tawul a cinya.

Muka wuce ta gefen Arfa. Babu kowa, sai itatuwan darbejiya da ƙarafan tantuna a tsaye cikin rana. Daga nan hanya ta fara hawa dutsen Hada, tana lanƙwasa tana komowa, kunnuwana suka toshe. Duwatsun baƙaƙe ne, tsirara, kuma in ka leƙa ƙasa sai ka ga motocin da ke bayanka sun zama kamar ƙwari. Birai sun jeru a kan shingen hanya suna jiran a jefa musu burodi. Can sama iska ta canja. Baba ya ce a kashe sanyin mota a buɗe taga. Ya fitar da hannunsa waje, na ga yadda agogonsa ya zame har kusan gwiwar hannu.

A garin Hada masu 'ya'yan itace sun jera akwatuna a bakin titi: rumman, ɓaure, inabi fari da baƙi. Direba ya tsaya don Baba ya miƙe ƙafa. Wani mai sayarwa ya tsinko 'yan ƙwayoyi ya miƙo ta taga yana cewa a ɗanɗana, ɗanɗanawa kyauta ce. Ni da Inna muka karɓa. Baba ya kawar da kai.

"Ba zan ɓata bakina ba," in ji shi. "Mu je."

Neman gonar ya cinye mana hantsi. Baba ya ce a bi dama bayan wata rijiya, babu rijiya, sai gidan mai. Ya ce akwai wani dutse mai kama da raƙumi a durƙushe, muka ga duwatsu da yawa, kowanne ya ce ba shi ba ne. Muka ratsa ƙauyuka masu gidajen dutse da aka bari suna rushewa, kusa da su an gina wuraren shaƙatawa masu dogayen katangu da fitilu masu launi. Ya fara yi wa direba faɗa, wai shi ne ba ya jin magana. Dattijon ya ce, "To, Alhaji," ya juya mota, ya sake juyawa.

A wani ƙaramin masallacin ƙauye muka yi Azahar. Direba ya tambayi wani tsoho da ya fito daga salla, ya faɗa masa sunan gidan da Baba ya yi wa aiki. Tsohon ya nuna da sandarsa. Ashe mun wuce ƙofar har sau biyu.

Mai gonar ya daɗe da rasuwa. Ɗansa ne ya buɗe mana, mutum mai furfura a gemu, da alama daga barci muka tashe shi. Baba ya matsa kusa, ya yi masa bayani da Larabci da wannan muryar tasa da ta zama kamar raɗa. Ya ce shi ne wanda yake ɗora shi a kafaɗa yana kai shi bakin rijiya lokacin yana ƙarami. Mutumin ya yi murmushi, ya ce marhaba, ya ce ma'aikata da yawa sun wuce ta gidan nan, Allah ya saka musu. Bai tuna shi ba. Bai kuma yi kamar ya tuna ba.

Amma ya karrama mu. Yawancin gonar an sayar, sai wani ɗan tsiri da ya rage a bayan gida. Ya shimfiɗa mana darduma a ƙarƙashin rumfar inabin, ya kawo gahawa, ya ɗauki almakashi ya yanko nonon inabi uku: wani fari dogo, wani baƙi ƙanana, wani ja-ja. Ya sa aka matse wani a cikin gida aka kawo a jug da ƙananan kofuna. Ganye ya rufe mu, rana tana ɗigowa ta tsakaninsu, zanzaro na yawo a kan waɗanda suka fashe.

Baba ya kuskure bakinsa da ruwa. Ya yi bisimilla, ya ɗauki baƙin ya sa a baki. Duk muka zuba masa ido, har da direban. Ya daɗe yana taunawa. Da ya zo haɗiyewa ya runtse ido, jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Ya ɗauki farin. Ya ɗauki jan. Ya kurɓi ruwan inabin ya riƙe shi a baki kamar mai kurkure, sannan ya haɗiye ya ajiye kofin a hankali.

Mai gida ya tambaye shi yaya ya ji. Baba ya ce masa da Larabci, "Masha Allah, yana nan yadda na san shi." Mutumin ya ji daɗi, ya tashi ya ce bari ya sa a cika mana akwati.

Yana ba da baya Baba ya ce da Hausa, "Babu. Ko kaɗan."

Sai ya tura farantin inabin gaban Inna. "Ke ci ki faɗa mini."

Inna ta ci ɗaya. "Da zaƙi, Malam."

"Zaƙi kawai? Sukari ma ai da zaƙi. Abin da na taso daga Makka in ji ke nan?"

"To me zan ce? Inabi ne." Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ya juyo gare ni. Na ɗauki baƙin na ci. A Makka aka haife ni, in abu ya yi mini wuya bakina Larabci yake gudu, sai na fara da shi. Ya ɗaga hannu.

"Da Hausa, uwata."

Na sake cin wani, a hankali. Na ce fatarsa da ɗan tauri, sai ka danna take fashewa. Na ce sanyi ne yake fara zuwa kafin zaƙin, kuma zaƙin ba ya tsayawa a baki, yana wucewa, sai ya bar wani ɗan tsami a gefen harshe kamar ruwan tsamiyar da ba ta jiƙa sosai ba. Ya rufe ido yana gyaɗa kai.

"Baƙin ke nan. Farin fa?"

Haka na yi ta ci ina faɗa. Inda na rasa kalma ya ba ni, inda na yi kuskure ya ce in sake ci. Na ci har na ƙoshi, ban daina ba sai da shi ya ce ya isa.

Da La'asar muka kamo hanyar gida. Da muka zo mikati, inda masu shiga Makka suke ɗaukar harama, ya ce a tsaya, zai yi niyyar Umra. Inna ta ce wallahi ba zai yi ba, wa zai tura shi a ɗawafi, wa zai ɗauke shi in ya faɗi. Ya ce tun da ya zo ƙasar nan bai taɓa saukowa daga Ɗa'ifa ba tare da harama ba. Ta ce yau zai fara. Suka yi ta yi, shi da raɗa, ita da kuka, ban taɓa jin sun yi irin wannan a gabana ba. Direba ya rage gudu ya dube ni ta madubi. Na girgiza masa kai, ya wuce. Baba ya ga lokacin da na yi hakan. Ya juya fuskarsa wajen taga.

A gangaren dutsen amai ya kama shi. Babu wurin tsayawa a lanƙwasar, sai Inna ta miƙa tawul daga baya ta tare. Da farko na ɗauka launin inabin ne. Da na duba da kyau na ga jini ne. Direba bai tambayi kowa ba, ya kunna fitilun gaggawa, bai nufi Utaibiyya ba sai asibiti.

A wannan kwanciyar aka sa masa roba a ciki, ta nan ake ba shi abinci. Bai sake cin komai da baki ba. Fushin mikati bai daɗe ba, bayan 'yan kwanaki ya kama hannuna ya ce in gyara masa matashi, muka ci gaba kamar da. Ya rasu kafin azumi. Aka yi masa salla a Harami bayan Azahar, maza suka wuce da shi maƙabarta, ni da Inna muka koma gida muka zauna karɓar gaisuwa.

Ikamar Inna, wato takardar zamanta a ƙasar, a ƙarƙashin tasa take. Mun yi ta faɗi-tashi bayan ta gama takaba, abin bai yiwu ba. Ni ina ƙarƙashin ta mijina, na zauna. Ita kuwa ta tattara kayanta ta tafi Damagaram wurin dangin da rabonta da su tun tana yarinya. Muna waya duk Juma'a. Takan tambaye ni jikokinta, da su wa suka kama gidanmu na sama, da ko an gyara fitilar matakala. Nakan ce mata ba a gyara ba.