Tafin Hannun Da Ruwa Ba Ya Kamawa

Jama'a, wannan ba ji na yi ba, a jikina ya faru, kuma na rantse da wanda raina yake hannunsa ban ƙara masa gishiri ba. Zamanin shugaba Diori ne, 'yancin kai bai daɗe ba, ina dukanci a rumfar kawuna Ilyasu a Agadas, muna ɗinka jakunkuna da kube da kayan sirdin raƙumi.

Akwai wani nasara da ya saba zama wurinmu, shi ya kawo mana bidon, wato jarka, guda biyu na wani ruwa daga ƙasarsu, wai a gwada a fatunmu. Ya ce wannan ba fenti ba ne da zai kwanta a sama gobe ya ɓamɓare. Na farkon ana shafa shi ya tada fuskar fata, na biyun kuwa in ya hau sai ya yi saiwa a cikinta su zama abu guda, kamar yadda masu lambu suke aura wa itace reshen wani, daga nan ruwa ba ya ƙara kama ta. Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "A Agadas? Ina ruwan yake da za mu yi masa garkuwa?" Amma da aka gwada, wallahi ruwa dunƙulewa yake ya gangara, fata ta fito a bushe.

Nasaran ya ba mu safar hannu ta kawucu, wato roba, da buroshi, mu kuwa muka rataye su a ƙusa. Baduku ai da tafin hannu yake shafa mai, ta nan yake jin inda fata ta sha da inda ba ta sha ba, haka muka gada, haka muka yi wa ruwan nasara, in an gama a wanke da sabuni ya fita fes.

To wata rana da rana tsaka, kawu ya shiga gida ya ɗan kwanta, lungu ya yi tsit, sai ga wani dogon mutum a bakin rumfa, ya rufe fuska da rawani irin na Buzaye, rigarsa mai dogayen hannuwa, ko sallama bai yi ba. Ya miƙo mini wata fata mai tsawon kamu ɗaya, baƙa, sirara, ba gashi, ba kuma warin bagaruwa da ake ji a duk fatar da aka jema.

Na ce, "Baba, fatar me ce wannan?"

Ya ce, "Yi mata abin da kuke yi. Ruwa yana damunta."

Na ji ta da ɗumi, na ce ƙila rana ce. Na shimfiɗa ta, na shafa ruwan farko, kai jama'a, sai na ga tsikarta ta tashi, ƙananan ƙuraje reras kamar na mutumin da sanyi ya kama. Na so in dakata, amma mutumin yana tsaye a kaina, idanunsa kaɗai nake gani, hannuna ya ɗebo na biyun ban san lokacin ba. Ina ɗora tafina sai ta manne mini, kuma a ƙarƙashinsa na ji abu yana bugawa, dif, dif, irin na jijiya.

Shi ya fizge ta daga hannuna. Ya naɗe hannun rigarsa, sai na ga tun daga gwiwar hannu har wuyan hannu babu fata, nama ne ja wur, ko ɗigon jini babu. Ya ɗora ta a wurin ta haɗe, ba ɗinki ba tabo. Sannan ya ɗauki butata ya tsiyaya ruwa a kai, ruwan ya gangara, ya yi wata ajiyar zuciya doguwa, ya juya. Na tashi na leƙa lungu, ba kowa gabas da yamma.

Aka kira azahar na zauna alwala, na zuba ruwa a tafina na dama, ya dunƙule ya gangara. Inna lillahi! Na sa sabuni, na sa toka, na sa isansi, wato fetur, na dirje da dutsen kaushi har jini ya fito, ina kuka wiwi, don abin da ke raina ɗaya ne: ruwa bai taɓa fata ba, ina alwala, ina salla? Kawu ya tsoma nasa hannun da ya fi nawa shan ruwan nasara a ruwa, ya fito sharkaf. Ya dube ni, bai sake dariya ba ranar.

Nasaran ya ce ba zai yiwu ba, fatar mai rai sabuntawa take, abin zai tafi da kansa. Lokotoro, likitan asibiti, ma haka ya ce. Ciwon ya warke, sabuwar fata ta fito, ita ma ruwa ba ya kama ta. Malaminmu ya ce in wanke yadda zan iya, Allah ba ya ɗora wa bawa abin da ya fi ƙarfinsa. Na karɓa, amma har yau ban taɓa tashi daga alwala hankalina kwance ba.

Ga shi na tsufa, kuma wani lokaci da rana tsaka sai in ji tafin ya yi sanyi ƙalau, kamar ana tsiyaya masa ruwa a wani wuri da ban sani ba. Ku masu sana'ar hannu, abin da ba ku san asalinsa ba kada ku ɗora masa tafi, ko wa ya tsaya a kanku. Ni dai na riga na roƙi 'ya'yana, ranar da za a yi mini wanka na ƙarshe su dubi hannun nan da kyau, in ruwa ya gangara su sake zubawa, kada su gaji.