Yaya Moyna Ta Tafi, Katinta Bai Fito Ba

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu tattara mu koma. Ranar Laraba, bakwai ga watan Rajab, ana gab da kiran azahar, Allah Ya karɓi ran yayata Moyna Begum, wadda duk unguwar Machar ta Karachi ke kira Inna Moyna. Ta cika a ɗakinta, a kan gadon igiyar da muka yi ta fama ta bar shi mu kai ta asibiti ta ƙi. Shekarunta sun haura sittin. Da nawa suka haura, babu mai iya rantsewa, domin babu wata takarda a duniya da ta taɓa shaida an haife ta.

Matan ƙungiyarta ta neman katin ɗan ƙasa ne suka ce ni, Tofazzal, ƙanenta, in rubuta abin da za a karanta ranar addu'a, kuma in sa kalmomi masu sanyi. Yaya, kin san ba zan iya ba. Ke kika goya ni, ke kika fara marina, kuma ban taɓa sanin sanyi a wurinki ba sai na ƙanƙarar da kika ƙare rayuwarki hannu a ciki. Ina kukanki, ina kuma jin haushinki, kuma duka biyun zan faɗa.

Babanmu ya zo daga Bengal a jirgin ruwa tun ƙasar tana ɗaya, kafin gabas ta ɓalle ta zama wata ƙasa dabam. A nan aka haife ki, a nan aka haife ni, a bayan kasuwar kifi. Ke kina ɓarar jatan lande a rumfa tun ba ki kai tsawon kwando ba, ni ina tuƙa jirgin masunta. Da katin ɗan ƙasa da rashinsa duk ɗaya muka ɗauke su, har zamani ya zo da ba a shiga teku sai da shi, ba a ɗaukar aiki sai da shi, ba a ba mutum gado a asibiti sai an tambaye shi. Muka wayi gari baƙi a tsakar gidanmu.

Abin ya taso ne daga 'yarki Shefali. Yarinya ta yi karatu kamar ta cinye littafin, sai da babbar jarrabawa ta zo aka ce ba za ta zauna ba, iyayenta ba su da kati. Na raka ki ofishin da ake bayarwa. Muka tsaya a rana tun safe har inuwa ta juya, kafin mu kai gaban taga. Ma'aikacin bai ko ɗago kai ba. Ya ji yadda harshenki ke karya magana, ya ture takardunki da bayan hannu ya ce, "Baiwar Allah, ku mutanen Bengal ku koma ƙasarku a ba ku."

Kika jingina da tagar kika ce, "To ɗana, taimaka mini. Wace bas ce ke zuwa can? Don ni inda aka binne cibiyata, daga nan in ka buɗe hanci za ka ji ƙarninsa."

Layi ya ɗauki dariya. Ni ban yi ba, domin na san wannan muryar. Ita kike yi kafin ki jawo mana magana.

Mako na zagayowa kika koma da matan rumfarku. Sun ce miki ba za su iya barin aikin yini su je zaman ofis ba, da me za a ci a gida? Kika ce to a tafi da aikin. Haka kuka cika bas da kwanduna da ƙanƙara, kuka shimfiɗa tamfol a ƙofar ofishin, kuka zauna kuna ɓarar jatan lande kuna tara ɓawon a gefe. Tamfol ɗin nan nawa ne, na rufe injin jirgi, kuma ba ki tambaye ni ba. Kafin rana ta take, ƙarni ya shige kowace taga. Ƙudaje suka zo, hankaki suka zo, kyanwoyin garin nan kaf suka hallara kamar an yi musu shela. 'Yan sanda suka iso da sanduna, suka tarar da tsofaffin mata suna aikinsu, suka rasa ta inda za su fara. Can sai ga shugaban ofishin da kansa, hankici a hanci, yana cewa, "Haba Inna, wannan wace irin ƙazanta ce?"

Kika ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙazanta ba ce, ita ce ake sawa a jirgi a kai Turai a ce arzikin ƙasa. Arzikin na ƙasa ne, hannun da ya ɓare shi ne baƙo?"

A ranar aka fara sa muku kujera a ciki. Shefali dai ta rasa jarrabawar shekarar, ta zauna ta gaba. Na ɗauka shi ke nan, buƙata ta biya, za ki koma rumfarki. Ashe a ranar na yi sallama da zaman lafiya.

Kusan shekara ashirin ban sha shayin safe ni kaɗai ba. In an kama yaron wani a bakin teku ba kati, ƙofata kike bugawa: "Tashi, kai ɗan auta, gemun nan naka ya yi amfani yau." Sai ki tasa ni gaba zuwa caji ofis in tsaya masa. Sau ɗaya suka saki yaron suka riƙe ni. Da kika kawo mini shinkafa da miyar kifi, ba sannu kika fara yi mini ba, tambayata kika yi mutum nawa ne a ciki 'yan unguwarmu, in haddace sunayen iyayensu. Ɗakin da nake ajiye taru kika mayar masaukin wata mata mai suna Setara, wadda ta gudo daga Burma da 'ya'yanta da tsohuwar surukarta. Kika ce kwana biyu ne. A ɗakin nan ta aurar da babbar 'yarta. Taruna ya ruɓe a kan rufi, matata Rehana ta gaji da ƙorafi ta shiga ƙungiyar, na rasa ko wanda zan kai wa ƙara.

A kan irin su Setara ne kika raba kan unguwa. Dattawa suka kira taro a harabar masallaci. Suka ce mu haifaffun nan ne, hujjarmu mai ƙarfi ce, in muka haɗa kanmu da 'yan Burma da 'yan Afganistan masu tsintar roba a bola, za a auna mu da mudu ɗaya a ce duk baƙi ne. Maganar tana da kan gado, kuma ni ina cikin waɗanda suka gyaɗa kai. Kika miƙe daga bayan mata, ba a ba ki izini ba, kika ce, "Malamai, in ɗan sanda ya ɗaga kulki, yana tsayawa ya tambayi wane kogi kakan mutum ya sha? Wanda aka haifa a ƙasar nan ɗan ƙasar nan ne, ko uwarsa daga wata ta faɗo. Abin da muke nema ke nan a rubuta a doka, ba a yi mana alfarma gida-gida ba." Rabin mazan suka tashi suka bar wurin. Wasu har kika mutu ba sa amsa sallamarki. Na gan su a jana'iza, a sahun gaba.

Yanzu sai abin da ya fi ci mini rai, wanda 'yan ƙungiya suka roƙe ni in tsallake. Ba zan tsallake ba. A lokacin da zaman ƙofar ofis ya ishi hukuma, har masu ɗaukar hoto sun fara zuwa, wani babba ya kira ki gefe. Ya ce a kawo sunayen gidanku, ke da mijinki da 'ya'yanki da ƙanenki, a yi muku kati cikin wata guda, ke kuma ki naɗe tamfol ki huta. A lokacin na shekara huɗu ban taka jirgi ba. Ni da na san tekun nan kamar tafin hannuna, ina zaune a gaɓa ina ɗinke tarun wasu, ina kallon yaran da na koya wa tuƙi suna wucewa. Kika ce masa a'a, kika dawo gida kika ba mu labari kina cin abinci, kamar labarin farashin albasa.

Na ce, "Yaya, da bakin wa kika ƙi? Kin tambaye ni?"

Kika ce, "Da na tambaye ka me za ka ce?"

Na ce, "Karɓa zan ce."

Kika ce, "Shi ya sa ban tambaye ka ba. Miƙo gishiri."

Sallah biyu ban shiga gidanki ba. Kina aiko mini da tuwon madara, ina mayarwa, kina sake aikowa. Har yau ban ce kin yi daidai ba, Yaya. Na san dai da kin karɓa, washegari babu macen da za ta sake zama a kan tamfol ɗin nan, kuma na san shekarun da na rasa a teku babu mai mayar mini da su. Abu biyun nan na ɗauka, kuma da su zan shiga kabari.

Dokar da kike nema ba a yi ta ba har yanzu. An yi alkawari, an yi taro a manyan otal, an kai ki an zaunar da ke kusa da tukunyar fure an ɗauki hoto. Amma an buɗe wata ƙofa ƙarama, aka ce a sake duba takardun mutane, kuma ta nan gidaje da yawa suka shige. Jikokin Setara suna makaranta da sunansu. Shefali tana koyarwa. Nawa katin ya fito bara, a lokacin da gwiwoyina ba sa iya tsayuwa a kan jirgi ko a ruwa kwance. Ke kuwa da layi ya zo kanki, aka ce ki ɗora yatsa a kan na'ura. Kika ɗora babban yatsa, ba ta ga komai ba. Aka gwada sauran ɗaya bayan ɗaya, aka goge, aka shafa mai, aka sake. Ƙanƙara da ɓawon jatan lande sun cinye zanen yatsunki tas, sun yi sumul kamar bayan cokali. Yarinyar da ke kan na'urar ta ce ki dawo in sun tsiro. Rehana ta fashe da kuka. Ke dariya kika yi har da tari, kika juya kika ce wa ta bayanki ta matso kada a rufe taga.

Ciwon suga ya daɗe yana cin ki, kina ɓoyewa. Ƙaya ta soke ki a ƙafa a rumfa, wurin ya ƙi warkewa, kika ɗaure da tsumma kika ci gaba da hawa bas. Likitan unguwa ya ce ki kwanta, kika ce ya rubuta wa ofishin kati su ma su kwanta. Da ƙafar ta kumbura har ba ta shiga takalmi, muka samo wanda zai tsaya miki a asibiti, kika ce sai an gama shari'ar wasu yara masunta da ke tsare. Da safen ranar Laraba na shigo na tarar da ke idonki biyu. Na zauna a bakin gadon, na ɗauka za ki yi mini wasiyya irin ta mutane, ko ki ce in yafe miki. Kika dube ni kika ce, "Kai har yanzu kana nan? Ba yau za a kai yaran nan kotu ba?" Na tashi na tafi, don ban taɓa iya ƙin aikenki ba. An ba da belinsu. Ina hanyar dawowa da albishir aka tare ni a bakin lungu.

Da kin ga abin da ya biyo baya da kin tashi. Kansilan unguwarmu, wanda ya taɓa cewa a gaban jama'a ke ce mai ɓata wa unguwa suna da ƙarni, ya rataya ƙaton ƙyalle a bakin titi, hotonsa ya fi naki girma, an rubuta cewa ya yi rashin uwa. Ya zo gaisuwa da masu ɗaukar hoto, ya nemi a ba shi lasifika. Mijinki ne ya ce masa batir ya mutu. Ni kuma na je karɓar takardar shaidar rasuwarki, aka ce in kawo lambar katin mamaciya. Na ce ba ta da shi. Aka ce to ba za a iya rubuta ta mutu ba. Na tsaya ina duban mutumin, na ji maganganu sun cika mini baki irin naki, amma ni ba ke ba ne. Na ce masa ya zo maƙabarta in nuna masa, na fito.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Kalimuddin, wanda ya ci abinci mai sanyi shekara da shekaru bai taɓa ɗaga murya ba, Allah Ya ba shi ladan haƙurinsa ninki biyu. Ga Shefali da ƙanenta Mofiz da 'ya'yansu. Ga Setara, wadda ta yi miki wanka ta ƙi bari kowa ya taya ta. Ga matan rumfa, da duk uwar da ta taɓa buga ƙofarki ɗanta yana hannun hukuma. Allah Ya ba mu juriyar wannan rashi, Ya ba ƙungiya wadda za ta riƙe ta, ko da ba ta kai ki taurin kai ba.

Ya Allah, ga baiwarKa Moyna 'yar Abdul Gofur ta zo maKa. Kai Ka san ranar da aka haife ta da wurin. Ka gafarta mata kaifin harshenta, Ka dubi waɗanda ta yi amfani da shi domin su. Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya shi, Ka haskaka shi, Ka sada ta da iyayenmu a Aljanna Firdausi. Abin da ke tsakanina da ita na yafe, duniya da lahira, ko da ba ta nema ba. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Ki huta, Yaya, in kin iya.