Wayar Kawu ta tona min asiri

Wallahi har yanzu dariya nake, ga kunya.

Jiya Kawu Sale ya zo mana Safana daga Batsari. Ba ya gani, wayarsa ce ke karanta masa komai. Inna ta ce in buɗe masa shafin tallan man gyaɗarta da na yi mata a intanet.

Na manta na cusa wasu kalmomi da farin rubutu a kan farin fili, don shafin ya riƙa fitowa sama idan an yi bincike. Ido ba ya ganinsu, amma waya ba ruwanta. Tana gama karanta bayanin man gyaɗa ta zarce, gaban kowa: "Taki kyauta, aikin gwamnati, kujerar Makka kyauta."

Kawu ya ce wa Inna, "Yaya, ashe Makka kike kai mutane, ni ina zaune?"

Kowa ya kwashe da dariya, ban da Inna. Ta ce, "Ban taɓa yi wa man nan algus ba, sai kai ka yi wa sunana."

Kafin la'asar na goge kalmomin tas.

Masu irin wannan dabara, za ku yarda a karanta shafinku gaban iyayenku?