Farcen Hannun Dama

Mahaifina mai yankan farce ne. Shekaru masu yawa ya yi yana zagaya Kasuwar Ochanja a Anacha, almakashi na ƙyas-ƙyas a hannunsa, kuma da almakashin nan na yi karatu har na gama jami'a. Ban cika faɗar haka ba. Ina gaya wa kaina ba kunya ba ce, amma ban tabbata ba.

Bayan bautar ƙasa na dawo ɗakinmu na haya, na shekara biyu ba aiki. A gidan akwai wani dattijo Ibo, tsohon malamin kiɗa, mai jita irin ta tsirkiyar nailan. Da ya ga zaman ya yi mini yawa, sai ya fara koya mini. Ya zaɓo mini kiɗa uku daga cikin tsofaffin kaɗe-kaɗen Turawa da ake rubutawa a takarda, waɗanda ya ce da su ɗan koyo ke farawa. A na farko babban yatsa ne ke tafiya a kan tsirkiya masu kauri, sauran yatsu uku na amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Na biyu a hankali yake, mai sa mutum ya tuna wanda ya rasa, hannun hagu ma da ƙyar yake barin wurinsa. Na ukun na rawa ne, taku uku-uku. Ba su da wuya, amma in ka yi kuskure kowa zai ji.

Sharaɗinsa ɗaya: in bar farcen hannun dama ya fito, don da bakin farce ake kaɗa tsirkiya sautin ya fita tar. "No cut am o," in ji shi. "Na that nail be the voice."

Sai ga wata makarantar firamare ta kuɗi tana neman wanda zai koyar da lissafi, ya kuma fara koya wa yara jita. Dattijon ya kai sunana. Aka ce in zo wata Litinin in kaɗa ukun nan gaban shugabar makarantar. Ban taɓa matsowa kusa da aiki kamar haka ba.

A lokacin yanar ido ta fara rufe wa Baba gani, hannunsa kuma na rawa. Ya yanki wani ɗan kasuwa a yatsan ƙafa, magana ta bi layi-layi. Bai daina fita ba, amma soson sabulunsa a bushe yake dawowa. Tun ina yaro shi ke yanke mini farce duk Juma'a kafin masallaci. Mako biyar ina zille masa, ina cewa na yanke da kaina. A kwano ɗaya muke cin abinci, bai gani ba. Na ji daɗin rashin ganin nasa, kuma wannan har yau yana damuna.

Ranar Juma'a, saura kwana uku, na miƙa masa buta sai yatsunsa suka shafi nawa. Ya riƙe hannun.

"Kai! Wannan fa? Shaho ka zama, ko kaji za ka fara sura a Ochanja?"

"Baba, zan yanke."

"Za ka yanke. Ɗan mai yankan farce guda! Kwana arba'in ma malamai suka ce kada ya wuce. Zauna."

Da na yi masa bayani, watakila ya fahimta. Ba mutum ne mai tsanani ba, jitar ma bai taɓa hana ni ba, sai dai ya ce in sassauta in an kira salla. Amma ya riga ya kwance tsumman kayan aikinsa, ya jiƙa soso, yana wasa almakashi da wani irin hanzari da na daɗe ban gani ba. Ina jin ya fi wata biyu ba wanda ya miƙa masa hannu a kasuwa. Na zauna.

Ya yanke su ƙasa-ƙasa, dab da nama, yadda yake alfahari da shi. Ya kankare gefe, ya wanke da kumfa. Ko ɗigon jini babu.

"To, duba. Su ce wai na tsufa."

Na ce, "Ya yi kyau, Baba."

Ranar Litinin yatsuna suka dinga neman tsirkiya inda suka saba samunta, suna wucewa. Sautin ya fito a dushe, kamar ana magana a bayan ƙofa. A kiɗa na biyun, wanda na fi so, sau biyu na tsaya. Shugabar ta yi mini godiya, ta ce za su neme ni. Ba su nema ba.

A tsakar gida dattijon ya juya hannuna ya duba. "Who do you this thing?"

"Babana."

Ya saki hannun.

Mai yiwuwa ko da farcen ba zan samu ba. Tsoro ma yana hana yatsa. Na kan gaya wa kaina haka. Na mayar wa dattijon jitarsa a makon. Baba bai san an yi wata Litinin ba, kuma iya sanina ni ne mutum na ƙarshe da ya yanke wa farce. Yanzu idon ya rufe gaba ɗaya. Duk Juma'a ni nake yanke masa da almakashinsa, shi kuma ya shafa da yatsa ya ce na bar tsini.