Hannun Yaya a Motar Wuse

Ko da zan tsufa har in riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta safiyar da na zauna a kujerar baya ta wata bas daga Kado zuwa Wuse, na kame bakina, ina kallon ƙeyar yayana. Duk wanda ya san ni ya san kame baki ba sana'ata ba ce. A ofis idan na ɗan yi shiru sai an leƙo an tambaya ko lafiya. Amma ranar alkawari na ɗauka, kuma abin da zai faru a motar nan shi zai yanke ko Yaya zai zauna da mu a ƙasar nan ko zai koma inda ya fito.

Yaya ya yi shekara ashirin da ɗoriya a Jamus yana aiki a wata masana'anta. Ya yi aure a can bai ɗore ba, haihuwa kuma Allah bai kawo ba. Rana ɗaya aka bugo mini waya cewa ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ni na je na taho da shi, don iyayenmu sun rasu, daga ni sai shi muka rage. Ƙafar ta ɗan dawo, yana takawa da sanda. Hannun dama ya ƙi. Maganar ce ta fi ci masa rai: idan hankalinsa a kwance yake kalmomi sukan fito ɗaya bayan ɗaya, amma da zarar ya ƙagu, ko aka zuba masa ido, sai harshen ya ɗaure tamau.

A 'yan makonnin da na yi a can kafin mu taho na ga irin motocinsu na haya. Bas za ta zo daidai lokacin da aka rubuta, ta ɗan rusuna gefe ɗaya don mai sanda ya hau, kowa ya nemi kujerar da babu mutum kusa da ita ya zauna. Ranar farko da na shiga, bakina da ya saba, na gaishe da mutanen ciki gaba ɗaya. Wata dattijuwa ta ɗago ta dube ni, ta jawo jakarta ta rungume. Yaya ya yi dariya har da tari. A motar nan babu abin da ake buƙatar baki a kansa. Sunan tasha yana fitowa a allo, a jikin kowane ƙarfe akwai ɗan jan maɓalli, idan ka kusa sauka ka danna, ƙararrawa ta yi ƙara, mota ta tsaya. Da rabin jiki da rabin harshe Yaya yake zuwa asibiti ya dawo shi kaɗai, ni ce ma 'yar rakiyar da ake nuna wa hanya.

Da muka dawo Abuja sai ya zama ɗan zaman falo. Ni kuwa ina ganin gata nake masa. Ranar da zai je asibitin da ake gasa masa jiki a Wuse, ko in kai shi da kaina kafin in wuce aiki, ko in ɗaukar masa shatar tasi, in yi ta kiran direban har sai ya ce sun isa. Wata rana da yamma muna shan shayi ya ajiye kofi ya ce, "Auta, zan koma." Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya maimaita, a hankali, yana nuna ƙirjinsa. "A nan, kaya ne ni. A ɗauka, a ajiye. A can ina fita."

Na ce, "Haba Yaya, wa gare ka a can? Idan ka faɗi a banɗaki wa zai sani?"

Ya ce a bar shi ya gwada sau ɗaya. Zai hau bas daga bakin titinmu ya je asibiti da kansa. Idan ya iya, ya zauna. Idan ya kasa, kada in ƙara tare shi. Na yi magiya har ya yarda in shiga motar, amma da sharaɗi: in zauna a baya, in yi kamar ban san shi ba, kuma kada in buɗe baki. Gaskiya tsoro ya kama ni, don na san motocinmu. Asibitin nan ba a babbar tasha yake ba, yana bayan wani gidan mai ne kafin a kai kasuwa, kuma direba ba ya tsayawa a wurin sai an ɗaga murya an ce akwai mai sauka. Motarmu ta nan da baki ake tuƙa ta. Da baki kake shiga, da baki kake karɓar canji, da baki kake sauka.

Da safe muka fito bakin titi, ya tsaya nesa da ni, ya tsuke cikin rigar sanyinsa ta can duk da rana ta fara zafi. Wata tsohuwar bas ƙirar kosta ta iso, kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran Wuse. "Oga, shiga da sauri, akwai wuri," in ji shi, sai kuma ya ga sandar, ya buga jikin motar ya ce wa direba ya dakata. Kafin Yaya ya gama ɗaga ƙafa hannaye sun miƙo daga ciki. Wani ya kama kafaɗarsa, wata ta karɓe sandar, wani ma'aikaci mai ɗaure da laktaya ya tashi daga kujerar kusa da ƙofa ya koma tsakiya. Na ga fuskar Yaya ta ɓaci. Mutum ne da ya shekara da shekaru ba wanda ya taɓa shi sai likita. Ni dai na kutsa baya na zauna tsakanin wata mai bokitin kifi da wani mai barci.

Kusa da shi wata dattijuwar Bagwariya ce da ƙullin doya a gabanta. Ba mu yi nisa ba ta dafa gwiwarsa. "Baba, sannu. Wannan ciwo ta daɗe?" Ya gyaɗa kai ya juya yana kallon taga. Ai kuwa kamar ya buɗe taro. Wani ya ce akwai mai maganin gargajiya a Uke da ya tayar da kawunsa. Wata ta ce a kawo shi cocinsu ranar Laraba. Wani mai carbi ya ce a dage da man zaitun da addu'a. Daga nan aka zarce kan tsadar asibiti, aka gangaro kan kuɗin mai, aka yi wa gwamnati tatas, direba ma yana sa baki yana kallonmu ta madubi. Duk wannan a kan mutumin da bai ce uffan ba. A raina na ce shi ke nan, ko ya sauka daidai ma wannan surutun kaɗai ya isa ya mayar da shi Jamus.

Da muka wuce Utako na fara hango rufin gidan man. Na ga Yaya ya gyara zama, ya ɗaga hannunsa na hagu ya kai kan ƙarfen da ke bakin ƙofa. Yatsunsa suka bi ƙarfen sama, suka dawo ƙasa, babban yatsan yana dannawa. Maɓalli yake nema. Ya sani sarai babu, amma hannu ya riga ya saba da abin da ya shekara ashirin yana yi. Da ya tuna inda yake sai ya buɗe baki. Daga baya nake, amma ina ganin jijiyar wuyansa ta miƙe, muƙamuƙinsa yana motsi, sauti bai fito ba. Kwandasta yana can yana rigimar canji da wata. Gidan mai ya zo, ya wuce.

Ban taɓa jin nauyin harshena irin na lokacin ba. Idan na yi magana na karya alkawari, kuma na nuna masa da kaina cewa ba zai iya ba. Idan na yi shiru motar za ta kai shi tsakiyar kasuwar Wuse, cikin turereniya da masu baro, nan ma ya kasa. Ta kowace hanya rasa shi zan yi. Na cije gefen mayafina, hawaye ya cika mini ido.

"Direba, tsaya," in ji dattijuwar. Ba ta ma ɗaga murya sosai ba. "Baba tana so ya sauka."

Direba ya ce, "Mama, nan ba wurin tsayawa ba ne, so kike a kama ni? Me ya hana shi magana tun can?"

"Bakinsa ne ba ya fita, kai ba ka gani? Tun ɗazu hannunsa yana neman abu a ƙarfe." Ta juya wurin Yaya. "Baba, asibitin gashi na baya ne, ko? Can na kai mijina, irin ciwonka ne." Yaya ya gyaɗa kai da ƙarfi.

Nan take motar ta ɗauka. Masu dukan rufi na yi, masu cewa abeg direba ka ji tsoron Allah na yi, mai barcin da ke gefena ya farka ya shiga ihun bai san kan zancen ba. Direba ya yi ƙunƙuni ya gangara gefen titi, amma mun riga mun yi nisa da gidan man, tafiya ce mai ɗan tsawo ga mai sanda, ga kwalbati a buɗe. Wani mutum sanye da kayan aikin lantarki ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya ce, "Bari in mayar da shi, na hau wata." Aka sauko da Yaya hannu da hannu, dattijuwar ta miƙo masa sandarsa ta taga tana cewa Allah ya ba shi lafiya. Na sulale na sauka ni ma, ba wanda ya kula.

Na bi su daga nesa. Mutumin yana tafe yana ba shi labari, ban san na mene ne ba, yana tare masa 'yan acaɓa da hannu, har ƙofar asibitin. Ya juya ya tafi abinsa, ko sunansa ba mu sani ba. Yaya ya zauna a kan benci a ƙarƙashin wata bishiya, na zo na zauna kusa da shi. Na riga na gama lissafi: bai sauka da kansa ba, an wuce da shi, an riƙo shi an dawo da shi. Jira nake kawai ya ce in nemo masa tikiti.

Sai ya fara magana, kalma ɗaya, hutu, kalma ɗaya. Abin da ya faɗa mini ban taɓa ji ba, don ni a gadon asibiti na same shi. Ashe a cikin bas ciwon ya kama shi, yana dawowa daga aiki. Ya ji hannunsa ya saki, fuskarsa ta karkace, ya jingina da gilashi. Idonsa biyu, yana ganin komai. Mutane suna shiga suna fita, wani ya zauna kusa da shi ya sauka, wata ta dube shi ta kau da kai. Tasharsa ta zo ta wuce. Haka motar ta tafi da shi har ƙarshen hanya, sai da direba ya zo duba kujeru ya gan shi.

"Ba mugaye ba ne," in ji shi. "Kunya ce irin tasu. Ba a kallon mutum." Ya ce da direban ya kira, motar asibiti ta zo nan da nan, kuma da a nan ne abin ya same shi bai san ko zai kai labari ba. Ya share fuskarsa da hannun hagu. "Amma tsohuwar nan, Auta. Hannuna kawai na ɗaga. Ta gani."

Na kasa riƙe kukan. Na ce, "To Yaya, yanzu ya ke nan?"

Ya ce, "Jibi zan dawo. Ni kaɗai. Ke ki tafi aikinki."

Bai koma Jamus ba. Yana nan a gidana har yau, kuma ba a raba shi da ƙorafi: motocinmu ba su san lokaci ba, kujerunsu sun mutu, ya dawo rigarsa tana ƙarnin kifi, kowa likita ne. Duk gaskiya ce, ni ma ina fata wata rana mai sanda a garin nan ya hau mota ya sauka ba tare da ya dogara da sa'ar wanda ya zauna kusa da shi ba. Amma tun daga ranar na daina jin haushin mutanenmu masu shiga abin da ba a kira su ba. Na gane cewa barin mutum ya sha iska mutunci ne, sai dai akwai ranar da mutum ba abin da yake buƙata kamar a sa masa ido. Shi ya sa yanzu idan na shiga mota nakan mayar da waya jaka, in dubi wanda ke gefena.